RENON ƘWAN KARFASA DA 'YA'YANTA CIKIN AKWATIN GILASHI

Wata rana da hantsi, a makarantarmu ta Ɗandume, wani yaro ɗan aji huɗu ya shigo mana a guje, yana haki, ya ce, "Malam, ku zo ku gani, karfasar nan ta cinye ƙwanta duka!" Kafin mu isa wurin akwatin gilashin da mu ke ajiye kifi, abokinsa ya riga ya sa 'yar raga ya kamo ta, wai don ya ceci abin da ya saura. Da ta ji an kama ta sai ta furzar da ƙwan cikin ruwa. Washegari rabinsu sun yi fari, bayan kwana uku babu ko ɗaya mai rai.

Yaran nan taimako suka yi nufi, rashin sani ne ya ɓata taimakon. Laifin kuwa namu ne, gama mun ba su amanar dabba ba mu koya musu halinta ba. Don haka muka ga ya kamata mu rubuta wannan darasi, domin 'yan'uwanmu malamai da su ke so su ajiye kifi a aji ko a gida, kada su yi hasara irin tamu.

1. Dangin karfasa

Karfasa ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Masunta suna kamo ta a madatsar Mairuwa kusa da Funtuwa, da sauran tafkuna da rafukan wannan yanki. Tana cikin wani babban dangi na kifi wanda masana su ke kira sikilid, mai iri fiye da 1,000, yawancinsu a Afirka. Tafkin Malawi kaɗai yana da ɗaruruwan iri, waɗansu shuɗi, waɗansu rawaya, har mutanen Turai da Amurka su kan saye su don ado cikin ɗakunansu. Mutanen Masar na dā kuwa sun zana karfasa a bangon kaburburansu tun shekaru dubbai da suka wuce.

Abin da ya bambanta dangin nan da yawancin kifi shi ne reno. Kifi da yawa su kan zub da ƙwai su yi gaba, amma sikilid ba ya barin nasa. A shekarar 1983 wata masaniya ta Ingila, Ethelwynn Trewavas, ta fitar da babban littafi a kan karfasoshi, inda ta rarraba su kashi-kashi, tana lura ƙwarai da yadda kowane iri ya ke renon ƙwansa. Akwai mai manna ƙwai a kan dutse ko cikin rami, uwa da uba su tsare shi tare, kamar karfasa mai jan ciki. Akwai wadda uwa da uba duka su kan ɗauki ƙwai a baki. Akwai kuma wadda uwa kaɗai ke ɗauka, ita ce karfasar Nilu, wadda a ke rubuta sunanta Oreochromis niloticus. Ita ce masu kiwon kifi suka fi ajiyewa, ita ce kuma abin maganarmu a nan.

2. Shirya mata gida

A nemi akwati mai cin ruwa lita 200 ko fi, watau jarka takwas mai lita 25. A ajiye shi inda haske ke shiga, amma ba inda rana za ta doke shi ba, ba kuma bakin ƙofa inda a ke yawan wucewa ba. A shimfiɗa wankakken yashi a ƙasa, kaurinsa kamar yatsa uku. A kifa tsofaffin tukwanen ƙasa biyu ko uku waɗanda aka fasa gefensu, don mata su sami maɓuya.

Ruwan famfo ya kan zo da maganin da ke kashe kifi, ruwan rijiya da na burtsatse kuwa iskar cikinsa kaɗan ce. Saboda haka ko wanne aka samu, a bar shi ya kwana a buɗe cikin baho kafin a zuba. A sa ɗan famfon iska mai fid da kumfa. In wuta ta ɗauke, babu kuma batir, sai a riƙa ɗibar ruwan da moɗa ana kwarara shi daga sama a hankali, wannan ya kan shigar da iska.

Namiji ɗaya a kan sa da mata uku. In an sa mace ɗaya tak, namiji zai dame ta da kora har ya ji mata ciwo. In an sa maza biyu a ƙaramin wuri, faɗa ba ya ƙarewa.

3. Yadda ta ke haihuwa

Karfasa ta kan isa haihuwa tana da wata biyar ko shida, ba ta kuwa farawa sai ɗumin ruwa ya kai digiri 24 a ma'aunin zafi. Alama ta fari daga namiji ta ke fitowa. Launinsa ya kan ƙara kyau, ya kama ɗibar yashi da baki yana zubarwa gefe, har ya haƙa rami zagayayye kamar kasko, ya tsaya yana tsaronsa. Macen da ta shirya sai ta shiga ramin ta zuba ƙwai kaɗan-kaɗan, namiji ya bi ya zuba musu ruwansa, ita kuma nan take ta juyo ta kwashe su cikin bakinta. Wannan shi ne abin da yaronmu ya gani ya ce ci ne.

Ƙwan ruwan ɗorawa ne, girmansa kamar ƙwayar gero. Yawansa kuwa gwargwadon girman uwa ne. Ƙaramar mace mai nauyin giram 100 ta kan yi ƙwai wajen 100, babba mai kusan kilo guda ta kan yi 1,000 har zuwa 1,500.

4. Kwanakin goyo

Ga yadda za mu gane mai goyo. Ƙarƙashin haɓarta ya kumbura, bakinta yana motsi kamar mai tauna, ta ware kanta ta shige tukunya, in an zuba abinci ba ta kula shi. Motsin bakin nan juya ƙwai ne ta ke yi, don ruwa mai iska ya ratsa kowane ɗaya, ƙazanta kuma kada ta kwanta masa. Da ruwa mai ɗumin digiri 28, ƙwai ya kan ƙyanƙyashe cikin kwana uku zuwa biyar. 'Ya'yan ba su fita nan da nan, gama kowanne yana ɗauke da 'yar jakar gwaiduwa a cikinsa, ita ce guzurinsa. Sai ta ƙare, wajen kwana goma zuwa goma sha huɗu daga ranar ɗauka, sa'an nan uwa ta buɗe baki ta sake su.

Duk kwanakin nan ba ta cin abinci. To, mene ne aikinmu? Mafi yawansa kamewa ne. Kada a ƙwanƙwasa gilashi, kada a sa hannu cikin ruwa, kada yara su taru a kanta gaba ɗaya. Mu kan rufe gefen akwatin da ta ke da ƙyalle, mu bar kafa ɗaya, yara su zo biyu-biyu su leƙa. Uwar da aka tsorata ta kan furzar da ƙwai, wani lokaci ma ta haɗiye shi. In namiji ya matsa mata, shi za a fitar, ko a gitta allon raga tsakaninsu. In kuwa ya zama tilas a ɗauke ta, a lallaɓa ta ta shiga kwano tana cikin ruwa, a ɗaga ta da ruwanta. Kada a taɓa fid da ita a raga.

5. In ta furzar da ƙwai

Wannan shi ne abin da ba mu sani ba ranar da muka yi hasara. Ƙwan da ya kwanta wuri ɗaya fumfuna ta kan kama shi ya mutu, don haka sai mu kwaikwayi bakin uwa. A yanke gindin gorar roba, a kifa ta bakinta a ƙasa a rufe, a zuba ƙwan ciki da ruwan akwatin nan nasu. A zura siririn tiyo mai kawo ruwa a hankali har kusa da ƙasa, yadda ƙwan zai riƙa ɗan jujjuyawa, ba tsalle ba. A ɗaure saman da ƙyallen gidan sauro. Safe da yamma a duba, duk ƙwan da ya yi fari ya mutu, a tsame shi da gashin kaza kafin ya lalata na kusa da shi. Masu ƙyanƙyasar kifi su kan ɗiga wani shuɗin magani, metilin bulu, don hana fumfuna. Amma mu sani, dabarar nan ta ceto ce kawai, bakin uwa ya fi ta.

6. Ciyar da 'ya'ya

Ranar da ta sake su, a kira yara duka, gama gani ya kori ji. Za su ga 'ya'yan sun taru bisa kan uwa kamar hayaƙi. Da inuwar mutum ta gitta, sai su ruga su koma cikin bakinta. Haka za su yi ta yi har kwanaki kaɗan. In mun ga sun daina komawa, ko ita ta daina karɓarsu, lokacin yaye ya yi. Sai a mai da uwa wani wuri a ciyar da ita sosai, gama ta rame, yunwa kuwa tana iya sa ta ci abin da ta rena.

Bakin ɗan kifi ƙanƙane ne ƙwarai. A kwanakin fari mu kan dafa ƙwan kaza, mu ɗebi gwaiduwa kamar ƙwayar masara, mu matse ta cikin ƙyalle a ruwa. Koren ruwan nan da ke tasowa cikin bahon da aka bari a rana shi ma abinci ne gare su. Bayan mako guda sai a koma ga abincin kifi na saye ko busasshen kifi, a daka shi lilis a tankaɗe. A ba su sau huɗu ko biyar a yini, kowane karo iyakar abin da za su cinye cikin minti kaɗan.

A nan ne yawancin masu koyo su ke kashe 'ya'yan kifi, don ƙauna. Abincin da ya saura ya kan ruɓe ya zama dafi cikin ruwa. Saboda haka kowace yamma a zuƙe ƙazantar ƙasa da tiyo wanda aka ɗaure bakinsa da ƙyalle, kuma bayan kwana biyu-biyu a canja kashi ɗaya cikin biyar na ruwan, da wanda ya kwana, mai ɗumi daidai da nasu. In an ga 'ya'yan sun taso sama suna haɗiyar iska, a daina ba da abinci, a canja ruwa. Bayan mako biyu ko uku a ware manya daga ƙanana, don waɗanda suka yi gaba su kan cinye na baya.

7. Hunturu

Mutumin Ɗandume ba a ba shi labarin sanyin Disamba da Janairu. Karfasa 'yar ɗumi ce. In ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20 ta kan rage ci, ta daina haihuwa, in ya kai 11 ko 12 ta mutu. Ruwan akwati kuwa ya fi na tafki saurin hucewa, don ba shi da yawa. Wanda ba shi da na'urar ɗumama ruwa, sai ya shigar da akwati ɗaki, ya lulluɓe shi da buhuna da dare, ya jira bazara kafin ya haɗa namiji da mata. Kada a zuba tafasasshen ruwa don gaggawa, canjin farat ɗaya ya fi sanyin kansa illa. Sannu ba ta hana zuwa.

8. Amfanin wannan darasi

Yawancin ɗalibanmu 'ya'yan manoma ne, masu noman masara da shinkafa da auduga. Waɗansunsu nan gaba za su haƙa tafkin kifi a gefen fadama. Yaron da ya ƙirga 'ya'yan uwa ɗaya da idonsa zai gane abin da ya sa tafkin karfasa ya kan cika da ƙananan kifi marasa girma in an bar maza da mata tare, da abin da ya sa masu kiwo su ke zaɓen maza zalla, waɗanda suka fi saurin girma. Muna kuma ba kowane aji littafi, su rubuta ranar ɗauka, da ranar saki, da ɗumin ruwa safe da yamma. A damina ta biyu, yaron nan da ya kamo uwa da raga shi muka ba riƙon littafin, shi ne kuwa ya fi kowa hana a taɓa gilashi.

Tambayoyi domin 'yan aji

(a) Ta yaya za ka gane karfasa mai goyon ƙwai?
(b) Me ya sa ta ke motsa bakinta alhali ba ta cin kome?
(c) In namiji ya dami mai goyo, wa za a fitar, kuma don me?
(d) Akwati yana cin lita 200. Lita nawa za a canja in an ce kashi ɗaya cikin biyar?