HAWAN JINI NA HUHU: ABIN DA ZA A YI A GIDA IN MAGANI YA DAMI MAJINYACI

Jama'a, akwai hawan jinin da kowa ya sani, akwai kuma na huhu. A wannan na biyu, hanyoyin da jini ke bi daga zuciya zuwa huhu su ne su ke tsukewa, sai zuciya ta riƙa turawa da ƙyar har ta gaji. Mai shi ya kan yi haki ko da daga gida zuwa masallaci ne, ƙafafunsa su kumbura. Ya kan biyo bayan ciwon zuciya, ko tsohon ciwon huhu, ko sikila. Awon da a ke yi a damtse ba ya nuna shi, sai an ɗauki hoton zuciya a babban asibiti, kamar Asibitin Tarayya na Gusau.

Magungunansa suna da amfani ƙwarai, amma su kan zo da 'yar wahala. Abin da mu ke so ku riƙe shi ne, kada majinyaci ya bar shan magani don wannan wahala. Tsayar da shi farat ɗaya ya kan ta da ciwon fiye da dā. Ga abin da za a yi.

1. Yawan fitsari. Ƙwayar fitsari, watau Lasix, aikinta ke nan, fitar da ruwan da ya taru. A sha ta da safe don a sami barci da dare.

2. Jiri. In za a tashi daga tabarma, a fara zama, a ɗan dakata, kana a miƙe. A bazara a zauna a inuwa. Ruwan sha kuwa, a tambayi likita yawan da ya yarda; ledar ruwa ɗaya rabin lita ce, da ita a ke iya ƙirgawa.

3. Ɗaurewar jijiyar ƙafa. A miƙe ƙafar, a murza a hankali. Ayaba da lemo da tumatir su kan mayar da abin da fitsari ya kwashe, amma a tambaya tukuna, gama akwai ƙwayar da ba ta jituwa da yawansu.

4. Ciwon kai da zafin fuska. Ƙwayar sildenafil ta kan kawo su, galibi a makonnin farko. A kwanta wuri mai sanyi, a sa jiƙaƙƙen tsumma a goshi, a sha farasitamol. Kada a sha asfirin ko ibuprofen sai da izinin likita.

5. Ƙwannafi. A ci abinci kaɗan kaɗan, a rage barkono da mai, kada a kwanta nan da nan bayan tuwo. Kada a jiƙa kanwa a sha.

6. Haɓo. Masu shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, su kan yi shi, balle da hunturu. A zauna, a sunkuyar da kai gaba, a matse hanci minti 10. Miyar zogale da alayyaho ba a hana su ba, sai dai kada a ci da yawa yau, gobe a daina.

Kanwa da gishiri da dunƙulen miya suna riƙe ruwa a jiki, watau suna warware aikin magani. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura ciwon zuciyar masu jego yana da alaƙa da kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Saboda haka uwargida ta ɗebe wa majinyaci miyarsa kafin ta sa gishiri. A guji maganin maza na kasuwa, gama wani a kan cusa sildenafil a ciki, in ya haɗu da na asibiti sai jini ya faɗi, mutum ya suma. Ciki yana da haɗari ƙwarai ga mai wannan ciwo, mata da miji su je wurin likita tare. Haka kuma kafin azumi.

Amma in majinyaci ya suma, ko ƙirji ya yi ciwo, ko ya yi tarin jini, ko kashinsa ya yi baƙi, ko idonsa ya yi rawaya, ko kumburi ya ƙaru, ko haɓo ya ƙi tsayawa, wannan ya wuce na gida. A kai shi asibitin Tsafe, ko Bunguɗu, ko Gusau, ran nan, tare da katinsa da dukan magungunan da ya ke sha.

Allah ya ba mu lafiya, amin.