Dogayen Kalmomin Turanci Masu Wutsiya Ɗaya

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga cikin Kano ya iso Gyaɗi-Gyaɗi, cikin ƙasar Tarauni, ba zai rasa ganin babban asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ba. An kafa shi cikin 1988, aka sa masa sunan malamin nan da ya rasu cikin 1983, wanda shi ma ya koyar a Bauci da Maru kafin ya shiga siyasa. A nan ne ɗaliban Jami'ar Bayero ke koyon aikin likita. To, abin da ya jawo mu ga wannan magana shi ne sunayen sassan asibiti. Mutum ya taho da mara lafiya tun daga ƙauye, a ba shi takarda a ce ya nufi sashe kaza, ya ɗaga kai ya yi arba da kalma irin su Ophthalmology, sai ya yi sororo. Ko mu da ke taƙama da Turanci, sau da yawa haruffa uku na farko muke karantawa mu haɗiye sauran. In aka tambaye mu hanya muka kasa, mu kunya kaɗai za mu ji, amma mara lafiya zai yini yana jira a ƙofar da ba tasa ba.

Tsawon nan kuwa a ido kurum yake da ban tsoro. Mu dubi ƙarshen kalmomin, za mu ga mafi yawansu da haruffa biyar suke ƙarewa, watau ology. Asalin wannan daga harshen Yunanawa ne, inda logos ke nufin magana ko bayani, Turawa suka ɗauka suka mai da shi ilmin abu. Mu da Larabawa mukan sa ilmi a gaba, mu ce ilmin taurari, ilmin lissafi. Su kuwa suka ɗaura shi a baya sai ka ce wutsiya. Mu ma ai muna da irinta. Wanda ya ji Kananci da Katsinanci da Sakkwatanci ya san duka harshe ake nufi, farkon kalma kaɗai zai gaya masa ko na wane gari ne.

Sabo da haka aikinmu sai mu datse wutsiyar mu dubi abin da ya rage. Kardia zuciya ce da Yunananci, Cardiology ke nan ilmin zuciya da cututtukanta. Derma fata, ga Dermatology. Haima jini, ga Haematology, inda masu ciwon sikila suka fi zuwa. Nephros ƙoda ce, kuma ilmin Nephrology yana da tarihi a wannan asibiti, domin tun 2002 aka fara dashen ƙoda a cikinsa. Ophthalmology ɗin nan da ta tsai da baƙonmu ba kome ba ce illa ilmin ido. Gynaecology kuwa na cututtukan mata ne.

Radiology barbarar yanyawa ce. Kanta na Latin ne, radius, watau tsirkiyar haske, wutsiyarta ta Yunanawa. Ita ce ilmin ɗaukar hoton cikin jiki, wanda ya samo asali daga hasken nan da wani Bajamushe, Röntgen, ya gano cikin 1895.

Babbar cikinsu ita ce Otorhinolaryngology, haruffa 19 cif. Mun sha ganin ɗalibi mai ƙoƙari ya iso gare ta ya yi turus kamar jaki a bakin rafi. Amma a yanka ta gida huɗu a gani: oto kunne, rhino hanci, laryng maƙogwaro, sa'an nan wutsiya. Ashe ilmin kunne da hanci da maƙogwaro ne, abin da ko yaro ya sani. Su kansu likitoci ba su cika wahalar da bakinsu da ita ba, ENT suke cewa. Haka Gastroenterology mai haruffa 16, gaster ciki, enteron hanji. Microbiology ma gida uku ce, mikros ƙarami, bios rai, watau ilmin ƙananan halittu waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. In kuma aka musanya y ta ƙarshe da ist, an koma ga mutumin da ya ƙware a ilmin. Cardiologist likitan zuciya ne.

Amma fa a yi hattara, ba ko wace mai wutsiya ce ilmi ba. Apology ba ilmin wani abu mai suna ap ba ne, neman gafara ne, ko da ya ke ita ma daga logos ta fito. Genealogy, ilmin nasaba, da a ake rubuta ta a wurin o, kuma a nan ne alƙalamin malami ke yawan sauka a takardunmu. Harafin p da h in sun haɗu f ake faɗa. Na farkon Psychology kuwa, ilmin halayyar ɗan'adam, ba a faɗarsa sam. Wanda ya ga Hematology cikin littafin Amurka kada ya ce kuskure ne, su sun zubar da a, mu kuwa rubutun Ingila muke bi.

Akwai wata ƙofa da iyaye mata suka fi nema, ita kuwa ba ta cikin wannan dangi. Paediatrics, sashen yara, daga pais take, watau yaro, da iatros, likita. Wannan iatros ɗin shi ne a ƙarshen Psychiatry, aikin likitan taɓin hankali, kuma shi ya raba ta da Psychology.