Tsara Mazaunin Kaya a But ɗin Tsohuwar Mota Mai Inji a Tsakiya: Nazari a Kan Porsche 914

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ake tsara mazaunin kaya, wato abin da ake ƙerawa a saka cikin but domin kowane kaya ya sami gurbinsa, a tsohuwar motar gudu mai inji a tsakiya. An ɗauki Porsche 914 a matsayin abin misali. Nazarin ya duba awo, nauyi, zafi da danshi, sannan ya nuna cewa tsarin da ya fi dacewa shi ne wanda za a iya cirewa ba tare da ya bar wa motar tabo ba.

1.0 Gabatarwa

Kamfanonin Volkswagen da Porsche na ƙasar Jamus ne suka haɗa gwiwa suka fito da Porsche 914 a shekarar 1969, aka ci gaba da ƙera ta har zuwa 1976. Kamfanin Karmann da ke garin Osnabrück ne ya riƙa ƙera gangar jikinta. Injinta yana bayan kujeru, gaban tayoyin baya, kuma iska ce ke sanyaya shi. Wannan tsari ya ba motar but guda biyu, ɗaya a gaba, ɗaya a baya.

Sai dai kowannensu yana da abin da ya riga ya tare shi. Safayar taya da tankin mai suna gaba, shi kuwa rufin motar, wanda ake iya cirewa, a but ɗin baya ake ajiye shi. Saboda haka filin da ya rage wa kaya ba shi da siffar akwati. Duk wanda ya zuba jak da sifana a ciki haka kawai, zai tarar sun goge fenti, kuma inda fenti ya goge a ƙarfen da ya kai kimanin shekara hamsin, nan tsatsa take kamawa.

2.0 Awo da Fitar da Siffa

Matakin farko shi ne tantance kayan da za a ɗauka, a jera su a ƙasa, a auna kowanne. Daga nan sai a auna but ɗin kansa. Hanya mafi sauƙi ita ce yanka kwali a bi lanƙwasar ƙasan but ɗin da gefunansa, ana ragewa kaɗan-kaɗan har ya zauna daram. Mai na'urar ɗaukar siffa yana iya ɗauko hoton wurin ya shigar da shi kwamfuta, amma duk da haka sai ya gwada da kwali, domin tsohuwar mota takan sha gyara da walda, har ɓangarenta na dama ya bambanta da na hagu.

A but ɗin baya, tilas a yi awon tsayi alhali rufin yana ajiye a wurinsa. Idan aka manta da wannan, mazaunin zai hana rufin shiga, ko kuma ya karce shi. A but ɗin gaba kuwa, dole a bar hanyar ciro safayar taya da kuma bakin tankin mai, domin sai an ɗaga murfin gaba ake zuba wa wannan mota fetur. Yana da kyau a bar ratar ’yan milimita a kowane gefe, don kada mazaunin ya riƙa gugar fenti.

3.0 Nauyi da Daidaito

Hikimar sanya inji a tsakiya ita ce tattara nauyi kusa da cibiyar mota, yadda za ta riƙa juyawa da sauƙi a kwana. Samfurin farko na 914 nauyinsa kimanin kilo 900 ne kawai, don haka ƙarin kilo 30 a can ƙarshenta ba ƙaramin abu ba ne. A ƙa'idar kimiyya, tasirin nauyi wajen hana abu juyawa yana ƙaruwa ne da nisan da aka ninka da kansa: kayan da aka ajiye a nisan mita biyu daga cibiya yana da tasiri ninki huɗu na wanda ke nisan mita ɗaya. Wannan ya sa ake ware wa kaya masu nauyi gurbi a ƙasa, kusa da bangon da ke fuskantar tsakiyar mota, a bar marasa nauyi su tafi ƙarshe. Haka kuma, kowane gurbi ya kama kayansa ta gaba da ta gefe, saboda taka birki da shan kwana.

4.0 Zafi, Danshi da Zaɓin Kayan Aiki

But ɗin baya yana maƙwabtaka da inji, sannan giyabos da salansa suna ƙarƙashinsa, don haka ƙasansa yakan ɗumama a doguwar tafiya. Wannan ne ke yanke hukunci kan robar da za a yi amfani da ita idan da na'urar ɗab'in siffa za a ƙera sassan. Robar PLA takan fara laushi a kusan digiri 60 na ma'aunin Salsiyas, PETG a kusan 80, ita kuwa ABS sai an haura 100. Ke nan PLA ba ta dace da but ɗin baya ba.

Danshi ya fi zafi ɓarna a ɓoye. Soson katifa na yau da kullum yana shan ruwa ya riƙe, ya zauna a jikin ƙarfe yana cin sa. Abin da ya dace shi ne soso mai rufaffun ƙofofi irin EVA, wanda ba ya jiƙa. Idan an yi ginshiƙin da siririn filawud, a shafe shi da fenti ta kowace fuska, a ɗora shi bisa ƙananan ƙafafun roba domin iska ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi. A gaba, inda tankin mai yake, a guji gam ko soson da fetur ke narkarwa.

5.0 Girkawa

Darajar tsohuwar mota tana tattare da kasancewarta yadda ta fito daga masana'anta. Huda sabon rami yana rage wannan daraja, yana kuma buɗe wa tsatsa ƙofa. Don haka a yi amfani da ramukan notuna da maƙalan da ke akwai, ko kuma a tsara mazaunin ya zama gida biyu ko uku da ke tokare juna. Rabawar tana kuma sauƙaƙa fitar da shi ta bakin but ɗin idan za a share ko a duba ƙarfen da ke ƙasa.

6.0 Kammalawa

An ga cewa tsara mazaunin kaya a Porsche 914 yana farawa da sanin abin da ya riga ya mallaki wurin, wato rufi, safayar taya da tankin mai. Bayan haka sai rabon nauyi, zaɓin kayan da ke jure zafi da danshi, da girkawa ba tare da huji ba. Ana iya bin waɗannan matakai a motoci irin su Fiat X1/9 da Toyota MR2, muddin aka sake awo daga farko, domin a X1/9, alal misali, a but ɗin gaba ake ajiye rufi.