BABI NA TAKWAS: KARATUN GABA DA DIGIRIN FARKO A KIMIYYAR HALITTU: MISALI DAGA TAFKIN KAINJI

8.0 Gabatarwa

Ɗalibai da yawa suna ɗaukar digiri na biyu a matsayin ƙarin shekarun zama a aji. Wannan kuskure ne. A digirin farko ɗalibi yana karɓar ilimin da wasu suka tattara, amma daga nan zuwa sama ana buƙatar shi ma ya kawo nasa. Wannan babi zai yi tsokaci a kan yadda ake neman babban digiri a kimiyyar halittu, tare da kafa misalai da Tafkin Kainji, wanda ɓangarensa na arewa yake cikin Masarautar Yauri ta Jihar Kebbi. Haka kuma za a nuna rawar da harshen Hausa yake takawa a irin wannan bincike, domin nan ne abin ya shafi malamin Hausa kai tsaye.

8.1 Matakan Karatun

Kimiyyar halittu fage ne da yake nazarin abubuwa masu rai, wato tsirrai da dabbobi da ƙananan halittun da ido ba ya iya gani, da kuma dangantakarsu da muhallinsu. Mai takardar NCE da yake son zurfafawa a wannan fage sai ya fara samun digirin farko. Bayan haka akwai matakai uku:

(a) Babbar difiloma: takan ɗauki shekara 1. Gada ce ga wanda sakamakonsa ya yi rauni, ko wanda ya fito daga wani fage makusanci.

(b) Digiri na biyu: yawanci yakan ɗauki shekara 2. Ana fara shi da kwasa-kwasai, a ƙare da rubuta kundi.

(c) Digiri na uku: ba ya gaza shekara 3, kuma bincike ne ƙashin bayansa. Sharaɗinsa shi ne aikin ya ƙara wani sabon abu a kan abin da aka sani.

Daga cikin jami'o'in da ɗan wannan yanki yakan nufa akwai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, da kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta Jihar Kebbi da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006.

8.2 Samo Tambayar Bincike

Kowane kundi amsa ce ta wata tambaya. Ɗalibin da bai da tambaya bai da aiki, ko da kuwa ya cinye dukkan kwasa-kwasansa. Ɗan Yauri ko Ngaski ko Shanga kuwa ba sai ya yi nisa wajen nemanta ba.

An kammala madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Kwara a 1968 domin samar da wutar lantarki. Ruwan da aka tare ya zama tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,270. Ya haɗiye tsibirai da gonakin fadama, aka sake wa mutane fiye da dubu 40 matsuguni, cikinsu har da Gungawa mazauna tsibiran Yauri. Ruwa mai gudu ya koma kwantacce, rayuwar abin da ke cikinsa ita ma ta sauya. A shekarun farko kifi ya yi albarka ƙwarai, musamman faliya, saboda ciyayi da itatuwan da ruwa ya shanye sun ruɓe sun zama abinci. An ƙiyasta kamun shekarar 1971 da kimanin tan dubu 28, amma zuwa 1978 ya faɗo ƙasa da tan dubu 5.

Daga wannan tarihi tambayoyi da dama suke fitowa. Wane girma karfasa take kaiwa kafin ta fara ƙwai, kuma wane faɗin idon koma ne zai bar ƙanananta su tsira? A wane wata ne dodon-koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya ya fi yawa a mashayun da yara suke wanka? Yaya baƙuwar kainuwar nan, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, kuma ta shigo tafkin wajen ƙarshen shekarun 1980, take shafar wuraren da kifi yake hayayyafa? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta isa kundi guda, kuma amsarta tana shafar abinci da lafiyar al'umma.

8.3 Gudanar da Aikin

Da zarar tambaya ta samu, sai sashe ya naɗa wa ɗalibi malamin da zai duba aikinsa. Abu na farko shi ne bitar ayyukan da suka gabata, domin kada a maimaita abin da aka riga aka yi. A nan cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke Sabon Busa a Jihar Neja tana da muhimmanci, domin ta samo asali ne daga shirin binciken tafkin da aka fara a 1968, kuma ta tara rahotanni na shekaru masu yawa.

Daga nan sai ɗalibi ya gabatar da tsarin bincikensa a gaban malaman sashe. In an amince, sai fita fage. Akan so a shafe aƙalla wata 12 ana ɗibar samfuri, saboda tafkin ba ya zama a hali ɗaya. Yana samun cikowa biyu: ta ruwan damina mai laka daga ƙasashen kusa, da ta ruwa garau da yake isowa cikin hunturu daga tsaunukan Gini. Wanda ya auna kifi a wata 3 kacal, ya ga ɓangare ne ya ɗauka duka ne. Bayan an auna, an yi lissafi, an rubuta, sai kare kundi a gaban mai jarrabawa daga wata jami'a.

Hanyar ba ta rasa ƙalubale. Akwai kuɗin jirgi da na magungunan gwaji, da haɗarin shiga ruwa, da tsaikon da yajin aiki kan jawo. Don haka ya kamata a zaɓi tambayar da za a iya amsawa da abin da ke hannu.

8.4 Matsayin Harshe a Binciken

Manazarci ba ya kama kifi da kansa. Masunta, irin su Sarkawa, su ne suke kai shi inda kifin yake, kuma da Hausa ake yawancin wannan hulɗa. Saboda haka dole ne ya daidaita tsarin suna iri biyu: na masunta, da na kimiyya mai kalma biyu ta Latin, wanda Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya daidaita wa dabbobi a 1758.

Wani lokaci tsarin biyu suna dacewa. Giwan ruwa shi ne Lates niloticus, yauni kuma Gymnarchus niloticus. Wani lokaci kuwa suna ɗaya yakan tattara nau'o'i da yawa. Kurungu ya ƙunshi ire-iren Synodontis da dama. Tarwaɗa ta haɗa Clarias gariepinus da Clarias anguillaris, waɗanda sai an ƙirga ƴan tsinkayen da ke cikin matatar numfashinsu ake rarrabe su da kyau. Haka nan kalmar kainuwa ta tsiron gida ce tun asali, sannan aka yafa ta ga baƙuwar. Ɗalibin da ya rubuta suna kamar yadda ya ji, ba tare da ya ga kifin ya tantance shi ba, zai haɗa alƙaluman halittu biyu wuri ɗaya, sakamakonsa kuma ya rushe.

Akwai kuma batun mayar da sakamako ga masu shi. Kundin da ya gano cewa koma mai ƙananan idanu tana ƙarar da ƴaƴan kifi ba zai yi amfani ba matuƙar yana kan kanta da Ingilishi. Sai an faɗe shi da harshen da masunci yake ji.

8.5 Kammalawa

An ga cewa babban digiri a kimiyyar halittu ya ginu ne a kan tambaya da hujja, kuma harshe yana cikin kayan aikinsa. Malamin Hausa da ya sa ɗalibansa suka tattara sunayen kifaye daga bakin iyayensu ya adana kalmomin da ke iya salwanta, ya kuma koya musu matakin farko na bincike, wato lura da rarrabewa.

8.6 Auna Fahimta

1. Bambanta digiri na biyu da na uku.
2. Me ya sa ake son ɗibar samfuri ta ɗauki wata 12 a Tafkin Kainji?
3. Kawo misali 2 na sunan Hausa da ya tattara halitta fiye da ɗaya.
4. Tattaro sunayen kifaye 15 daga kasuwar garinku, tare da bayanin kamannin kowanne.