Wa Ke Auna Dajin da Ake Sarewa a Amazon?

Tambaya: Muna yawan ji a rediyo cewa an sare fili kaza a dajin Amazon, ko gobara ta tashi a wuri dubu kaza. Wa ke shiga wannan ƙungurmin daji ya auna? Kuma me ya sa alƙaluman da ake bayarwa ba sa zuwa ɗaya? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗana. Yawancin awon daga sama ake yin sa. Tun shekarar 1972 Amurka ke harba taurarin ɗan'adam masu suna Landsat, waɗanda aikinsu ɗaukar hoton doron ƙasa. A hotunansu na yanzu, kowane ɗigo guda fili ne mai tsawon mita 30 da faɗin mita 30. Ɗanyen ganye yana mayar da wani irin haske da idonmu ba ya gani amma na'ura tana gani, ƙasar da aka share kuwa nata hasken daban ne. In aka jera hoton bara da na bana, wurin da aka sare sai ya fito fili.

Brazil ta daɗe a wannan aiki. Hukumar binciken sararin samaniyarta, INPE, tana fitar da lissafin shekara-shekara tun 1988 a ƙarƙashin shirin PRODES, kuma shekarar lissafin daga Agusta take zuwa Yuli, domin a lokacin rani ne gajimare ke janyewa a samu hoto mai kyau. A 2004 an share murabba'in kilomita 27,772. A shekarar ce aka ɓullo da wani shiri, DETER, mai sanar da jami'an kare muhalli cikin 'yan kwanaki cewa ga inda ake ɓarna. Da wannan da wasu matakai na doka, zuwa 2012 adadin ya sauko zuwa 4,571. Da aka yi sakaci kuma, a 2021 ya koma sama da 13,000. Shi ya sa nake ɗaukar wannan ƙirge da muhimmanci: ya taɓa ceton daji.

To, me ya sa alƙaluma ke saɓawa? Ba lallai wani ne ke ƙarya ba. Kowa da mudun da yake awo da shi. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana kiran wuri daji in ya wuce rabin hekta (hekta ɗaya fili ne mai mita 100 ta kowane gefe), bishiyoyinsa sun haura mita 5, inuwarsu kuma ta rufe fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙasa. A wurinta, gandun katako da aka sare za a sake dasawa yana nan a matsayin daji, gonar kwakwar manja kuwa gona ce. Masana Jami'ar Maryland, waɗanda taswirarsu ta fito a 2013, duk inda bishiyoyi suka ɓace suna ƙirgawa, ko gatari ne, ko wuta, ko guguwa. PRODES kuma asalin kurmin da aka share ƙarƙaf kaɗai yake lissafawa, shi ma sai ya kai hekta 6.25. Ka ga ƙananan gonakin da manoma ke sarewa nan da can suna iya kuɓuce masa.

Batun wuta ya fi rikita mutane. Na'urorin MODIS da VIIRS da ke kan taurari zafi suke ji, sai su sa jan ɗigo a taswira. Yawan ɗigon ba shi ne faɗin abin da ya ƙone ba. Gobara ɗaya babba tana iya bayar da ɗigo da yawa, wata kuma tana cin busasshen ganye a ƙarƙashin manyan bishiyoyi ba a hango ta ba. A Indonesiya a 2015, wutar ta shiga cikin ƙasa mai ruɓaɓɓen itace tana ci makonni, hayaƙinta ya turnuƙe har Singafo da Malesiya. Kuma in ka ga taswirar Afirka ta yi jajir a watan Disamba, kada hankalinka ya tashi cewa kurmi ne ke ci. Yawancinsa ƙunar daji ce irin wadda muka sani, ta mafarauta da masu sharar gona, ciyawar kuma takan tsiro da ruwan farko. Kurmin Amazon mai laima ne, da wuya ya kama da kansa. Akasari sai an kayar da bishiyoyi, an bar su sun bushe, sannan a cinna musu wuta a Agusta da Satumba don a buɗe wurin kiwon shanu.

Duk da wannan awo daga sama, mutane suna shiga dajin. Ma'aikatan gandun daji sukan keɓe ƙananan filaye, su ɗaura tef a jikin kowace bishiya daidai ƙirjin mutum, su rubuta kaurinta da irinta, sannan a gwada da abin da hoto ya nuna. Irin wannan aiki na ƙafa ne ke taimakawa wajen gano satar katako, inda ake zare manyan bishiyoyi ɗaya-ɗaya a bar sauran, daga sama kuwa a ga daji kore shar kamar ba a taɓa shi ba.