DARASINMU: TSUNTSUN KEJI DA HAƘƘINSA A KANMU

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Kwanakin baya wata ɗalibata ta zo makaranta idonta jawur. Da na tambaye ta, sai ta ce tsuntsun da babanta ya sayo mata ne ya mutu. An tafi biki kwana biyu, an bar shi a keji, kowa ya zaci wani ya zuba masa ruwa. Wannan ne ya sa na ga ya dace darasinmu na wannan fitowa ya zama a kan waɗannan ƙananan tsuntsaye masu launi da suke shigowa gidajenmu, musamman wanda Turawa suke kira bajariga, ɗan ƙaramin aku mai dogon bindi.

ASALINSA

Ƙasarsa ta asali ita ce Ostireliya, can cikin tsakiyar ƙasar inda fari ya yi yawa. Tsawonsa kamar santimita 18 ne, nauyinsa kuwa giram 30 zuwa 40. A daji launinsa kore ne da ɗorawa, da zane-zanen baƙi a baya da fukafukai. Shuɗi da fari da kike gani a kasuwa, masu kiwo ne suka samar da su ta hanyar zaɓen iri.

Abincinsa 'ya'yan ciyawa ne, saboda haka ba ya zama wuri ɗaya. Kamar makiyayi yake, inda ruwa ya sauka ciyawa ta yi 'ya'ya, nan yake dosa. Yawanci suna yawo ne a ƙananan garkuna, amma a shekarar da aka samu ruwa sosai sukan hayayyafa, har a ga dubbai sun taru a bakin tafki ɗaya da sassafe, kamar yadda akan gani a yankin Alice Springs. Wadda ta taɓa ganin jan-baki ya rufe gonar gero za ta gane abin da nake nufi. Wannan taruwa ita ce garkuwarsu. Idan shaho ya kawo hari sai su juya gaba ɗaya, ya rasa wanda zai ɗauka.

Suna yin sheƙa a kogon bishiyar turare. Macen takan yi ƙwai 4 zuwa 6, ta kwanta a kai kimanin kwana 18, namijin yana kawo mata abinci. Bayan kamar wata guda da ƙyanƙyasa 'ya'yan sukan fara tashi.

YADDA YA SHIGA KEJI

A shekarar 1840 wani Bature masanin tsuntsaye mai suna John Gould ya kai su Ingila da ransu. Mutanen Turai suka ƙwallafa rai a kansu, sai aka shiga kama su da raga a wuraren shan ruwa ana lodawa a jiragen ruwa. Tafiya ce ta watanni, kuma da yawa a hanya suke mutuwa. Daga baya aka gane suna haihuwa cikin sauƙi a keji, kiwonsu ya bazu a duniya. Tun 1960 Ostireliya ta hana cinikin tsuntsayenta na daji zuwa ƙasashen waje.

Ke nan wanda ake sayarwa a kasuwanninmu haifaffen keji ne, kaka da kakanni. Amma fa halinsa na daji yana nan: son 'yan uwa, son motsi, son tashi.

ME ADDINI YA CE?

Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa ƙanen Anas bin Malik (R.A.), yaro mai alkunya Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Da ya mutu, Manzon Allah (S.A.W.) ya rarrashe shi, bai kuma yi inkarin riƙe tsuntsun ba. Daga nan malamai suka fitar da halaccin ajiye tsuntsu, da sharaɗin a ba shi ci da sha, kada a azabtar da shi.

Sharaɗin nan ba abin wasa ba ne. Duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Haka nan Abu Dawud ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu a wata tafiya, Annabi (S.A.W.) ya umarce su su mayar mata.

'Yar uwa, maigida ne yake saye, yaro ne yake murna, amma bayan mako biyu ke ce za a bar wa kejin. To tun kafin a shigo da shi ki tambayi kanki: zan iya?

IDAN KIN AJIYE SHI

1. Kada a ajiye guda ɗaya tilo. Ɗan garke ne, kaɗaici yana sa shi rama, har ya riƙa fige gashinsa. Ana gane baligin namiji da shuɗin fata a saman baki, ta mace kuwa ruwan ƙasa ce ko fari-fari.

2. Keji ya zama mai faɗi, yadda zai iya tashi daga sanda zuwa sanda.

3. A canja ruwa kullum. A ba shi gero da ɗan ganye kamar alayyafo ko karas. A duba kwanon da kyau, domin yakan cika da ƙaiƙayi a zaci abinci ne. Kada a ba shi piya, guba ce a gare shi.

4. A nisanta shi daga hayaƙin girki, turaren wuta da maganin sauro. Abin da ke ƙamshi ne a wurinki, shi yana iya kashe shi.

5. A sa shi a inuwa lokacin zafi, a kare shi daga iskar hunturu da kyanwa.

6. A share keji akai-akai, yara su wanke hannu bayan taɓa shi, domin akwai cutar da ake ɗauka daga kashin tsuntsayen dangin aku.

7. Idan kin gaji, ki ba wa wanda zai kula da shi. Sakinsa ba tausayi ba ne, domin bai san neman abinci ba, nan da nan zai halaka. Da kulawa mai kyau yakan kai shekara 8, wani ma ya haura 10.

TSUNTSAYENMU NA GIDA

Abin da ya sami bajariga a da, shi ne yake samun akunmu mai jan bindi a yau. Daga kurmi ake kamo shi, sau da yawa daga cikin sheƙa. Ya yi ƙaranci har a 2016 ƙasashen duniya suka amince da hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Kafin ki bari a saya, a tambayi mai sayarwa: kiwo ne ko kamu? Idan kamu ne a haƙura, domin saye shi ke sa a koma daji a sake kamowa. Mu kuma hana yaranmu kwashe 'ya'yan tsuntsu daga sheƙa da harbinsu da danƙo don wasa kawai.

Ɗalibar nan tawa ta ce za ta roƙi a sayo mata wani. Na ce mata ta fara shayar da kajin mamanta na wata guda ba fashi, sannan mu sake magana.

Allah Ya ba mu ikon sauke amanar duk abin da ke ƙarƙashin hannunmu, amin. Wallahu a'alam.