Amsar Tambaya: Jan Kwale-kwale Zuwa Madatsar Zobe

Wani masunci daga Kurfi ya tambayi yadda zai gyara tirelar da yake ɗora kwale-kwalensa mai inji, in zai tafi madatsar Zobe ta wajen Dutsin-Ma.

Malam, Allah ya yi maka albarka da ka nemi sani kafin aukuwar musiba, domin kiyaye rai wajibi ne a shari'a. Fara da taya, ka dubi lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefenta, waɗanda biyun farko ke nuna mako, biyun ƙarshe shekarar ƙira. In ka tarar ta tsufa, ko gefenta ya tsattsage saboda zafin rana, to canza ta, ko da zanenta bai cinye ba.

Amma abin da ya fi damuna shi ne boris, domin idan ka sha tafiya ya yi zafi, sannan ka tura tirelar cikin ruwan madatsar ba tare da jinkiri ba, sanyin nan zai sa ya zuƙi ruwa, giris ya lalace, tsatsa ta kama shi a ɓoye har ranar da ƙafa za ta fice bisa titi. Saboda haka ka dakata ya huce tukuna, kuma ka yawaita sabunta giris.

Sifirin da ya miƙe, a sauya shi. Birki kuwa, muddin kaya sun yi nauyi, lalle makaniki ya sa wa tirelar nata, ka kuma ɗaura sarƙar kariya tsakaninta da mota.